Ranar da Musaddiƙ Ya Faɗi Gaskiya

Ranar Laraba ce cikin watan Agusta, tun asuba ake yayyafi, hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Gwiwa. Na dawo daga sharar baranda na tarar Musaddiƙ ya sake zare wayata daga caji ya soka tasa. Soket ɗaya ne ke aiki a ofishinmu, unguwarmu kuwa kwana uku ba wuta.

"Malam Musaddiƙ, ko kamawa ba ta yi ba fa," na ce.

"To wa zai kira ka, masinja? Gwamna?"

Yana maganar yana sakace da tsinken ashana, ƙafafunsa biyu a kan teburin Baba Sama'ilu, ɓawon gyaɗa warwatse a inda na share. Haka yake. Ya sha shayi da kofinka ya ajiye maka ba wanki. Ya yi gyatsa a tsakiyar maganar mutum. In matarsa ta kira, sai ya sa a lasifika, kowa ya ji abin da za a dafa. Mu goma sha ɗaya ne a wannan ƙaramin ofishi na Kazaure, kowa ya gaji da shi, ba mai cewa komai.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda yake yi wa Baba Sama'ilu.

Baba maƙwabcinmu ne, katangarmu ɗaya, shi ne mai kula da ɗakin fayil. Da na bar makaranta a aji uku na sakandare, na yi acaba, na yi wankin mota a Kano, na yi dako a kasuwar Babura, ba inda na cika shekara. Shi ya kamo hannuna ya kawo ni nan, ya tsaya mini. 'Ya'yansa huɗu duk mata ne, sun yi aure. Yakan ce wa mutane, "Wannan shi ne namijin gidana."

Baba Bafillatani ne. Musaddiƙ kuma kakarsa ta wajen uwa ce Babarbariya, da ita ya fake ya ce Baba abokin wasansa ne. Ni ma na san wasan Fulani da Barebari. Na ga abokan Baba na gaske suna tsokanarsa a kan nono da shanu, yana ramawa, ana dariya. Na Musaddiƙ daban ne. In Baba ya fita alwala, wani ya leƙo ya ce, "Ina Malam Sama'ilu?" sai ya ɓata fuska ya tafa hannu.

"Ayya, ba ka ji ba? Bawana ya rasu ɗazu. Gadon ma nake rabawa."

Na sha yi wa Baba ƙorafi a hanyar gida.

"Baba, ka bar ni da shi rana ɗaya kawai."

"Ka yi masa me? Ka doke shi a kore ka? Sabiru, wata goma sha huɗu ka yi a wuri ɗaya, ban taɓa ganin haka ba. Zauna."

"Kashe ka yake yi kullum da baki."

"To ga ni ina tafiya. Kai dai riƙe mini keken nan in gyara hula."

Bara, ina sabon zuwa, Musaddiƙ ya tare ni a bakin ƙofa har da hawaye, ya ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a gida, rai ya yi halinsa. Na yar da takardun hannuna na ruga, takalmi ɗaya a ƙafa. Na tarar da Baba tsugune a ƙofar gida yana sa wa sarƙar kekensa mai. Wata guda ana yi mini dariya a ofis. Har suna ya sa mini, Mai Ta'aziyya. Ranar na yi wa kaina alƙawari bakin mutumin nan ba zai sake sa ni gudu ba.

To, ranar Larabar nan Baba bai fito aiki ba. Da safe na leƙa na same shi a zaure yana shan kunu, ya ce kansa ne ke sarawa, in gaya wa shugaba zai shigo gobe. Har ya yi mini faɗan rashin ɗaukar lema.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wayar Musaddiƙ ta yi ƙara a jikin soket. Ya duba lambar, ya fita baranda. Da ya dawo ya tsaya a tsakiyar ofis.

"Jama'a, Malam Sama'ilu ya rasu."

Anti Fatu, mai buga mana takardu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Na nawa ke nan a watan nan?"

Aka yi dariya.

"Wallahi da gaske nake. Ƙanin matarsa ne ya kira. Sun nemi Sabiru, wayarsa a kashe." Ya juyo gare ni. "Sabiru, tashi mu je."

Bai ce masinja ba, bai ce Mai Ta'aziyya ba. Na ɗauka sabon salo ne ya fito da shi. Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba.

"Mutumin da na bari yana shan kunu? Ka ji tsoron Allah. Ka girme ni, amma in ka sake sa sunansa a bakinka, sai na zubar maka da haƙori, in ya so a kore ni."

"Sabiru, saurara..."

"Ba zan saurara ba. Nemi wani ka sa shi gudu."

Aka ɓamɓare hannuna. Akwai takardun da zan kai Roni, an ce sai ruwa ya ɗauke. Na cusa su a leda, na hau babur ɗin ofis, na bar wayar a kan tebur. A mararraba, in na karya hagu, minti biyar zai kai ni gida. Na kalli hanyar. Na tuno dariyar bara. Na miƙe hanyar Roni.

Ruwa ya tsare ni a Roni. Na fake a wata rumfar mai shayi sama da awa biyu, ina ta tsara abin da zan gaya wa Baba, yadda zai yi faɗa, yadda daga baya zai yi murmushi.

Ana kiran la'asar na shigo layinmu. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidansa, da butoci, da takalma jere.

Musaddiƙ na zaune a gefen tabarma. Wandonsa jar laka ce har gwiwa. Shi kaɗai ne daga ofishinmu ya samu jana'izar. Sauran sai da shugaba ya aika direba ya dubo, kafin su iso an dawo daga maƙabarta.

Ya taso ya miƙo mini hannu. "Ya haƙuri?"

Na kalli hannun. Na wuce shi na shiga gida.

Inna Shatu, matar Baba, tana zaune a ɗaki cikin mata, ta lulluɓe da hijabi. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ka zo?" ta ce. "Bayan fitarka ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Na kai masa magani na tarar ba shi."

Na sunkuyar da kai.

"An jira ka har aka yi azahar. Na ce a ƙara jira, ɗansa na zuwa. Liman ya ce ruwa zai cika kabarin." Ta gyara hijabinta. "Wannan abokin aikin naku shi ya shiga ramin ya karɓe shi. Allah ya saka masa."

Ban amsa da amin ba. Har yau ban amsa ba.

Na fito zaure. Kekensa na jingine da bango, ruwa na ɗiga a kan sirdin daga wata ɓula a rufi. Na matsar da shi gefe, na zauna a ƙasa na lissafa. Ban yi masa wanka ba. Ban sallace shi ba. Ban sa kafaɗa a makararsa ba. Ban shiga ramin ba, ko ƙasa tafi ɗaya ban zuba ba. Abu biyar ke nan, kuma kowanne sau ɗaya ake yi wa mutum.