Sai Abin da Yaya Ta Ce

…kuma ai ba ni ce mijinta ba. Takardar ba sunana take nema ba. Layin ƙasa na miji ne, haka ake yi a asibitin nan tun kafin a ɗauke ni aiki, mace ba ta shiga tiyata sai mijinta ya sa hannu. Sirajo ne zai sa. Ƙanena, wanda na goya, na yi wa tsarki, na ja zuwa makarantar allo yana ihu. To ni me ya kawo ni ciki? Ga shi can a bencin baranda tun ƙarfe takwas, hula a gwiwa. Ina hango shi ta tagar ɗakinmu na nas-nas. Ba ƙofar ɗakin da matarsa ke kwance yake kallo ba, tagar nan yake kallo.

Sha ɗaya da kwata. Ya ce in ban ce komai ba har azahar, zai yi salla ya ɗauke ta su koma gidansu a Minanata.

Mariyatu… ciki sati goma sha ɗaya, ga goyo wata tara, zuciya kuma ta kumbura tun haihuwar fari ba ta koma daidai ba. Jiya Dakta Gazali ya juyo da allon na'urar gabana, ya nuna mini hoton zuciyar. Wane bayani zai yi mini? Shekara ashirin da biyu ina yi wa mutane allurar barci, na san zuciya mai aiki, na san mai lallaɓawa. Tata motsi kawai take yi, kamar hannun tsohuwa a kan rariya. An ce mata kada ta sake ɗaukar ciki. An faɗa, an rubuta a kati. Wa aka faɗa wa? Ita kaɗai, yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da mutum — ta koma gida ta ce wa Sirajo me? Ni kuma yayarsa ce. Ta ina zan zaunar da ƙanena in fara yi masa zancen shimfiɗarsa? Ban yi ba.

A cire cikin, in ji Dakta. Yau, tun nauyi bai ƙaru wa zuciyar ba. Doka ta yarda in don ceton ran uwa ne, ƙofa ɗaya ke nan da ta bari a buɗe. Likita biyu sun duba, sun rubuta. Har an aro mai allurar barci daga wani asibiti, wani dattijo mai tabarau, yana ofishin metiron, shugabar nas-nas, yana shan lemo, ƙarfe biyu zai koma bakin aikinsa. Saboda ni aka aro shi. Kowa ya san Sista Saude ba ta shiga irin wannan aiki. Ba wanda ya ma roƙe ni. An mutunta ni, an zagaye ni, an ɗora jadawali ba sunana…

Takardata ta ƙin shiga irin wannan aiki na nan a fayil, shekara bakwai. Ni da Sista Laraba muka rubuta ta a kan teburin nan, ita ta gyara Turancin.

«Ɓari ta yi, Sista, wankin ciki ne kawai» — haka wani likita ya ce mini a wancan lokacin, wanda ya bar aiki daga baya, haka kuma ya rubuta a kati. Na yi allura, na riƙe haɓar matar, ina kallon agogo. Sai da aka gama na leƙa tasar da aka zuba abin da aka cire. Da ban leƙa ba… Yatsu. Ƙanana, cikakku, biyar. Ba ɓari ba ne, kuma ya sani, ni ce ban sani ba. Laraba ta fita da gudu ta yi amai a lambatu. Ni na tsaya na ƙarasa aikina, na tashi matar, na ce mata sannu. Sannu! Kwana uku tuwo bai wuce maƙogwarona ba. Laraba ta kai kukanta coci, ni na kai nawa kan sallaya, ranar Litinin muka haɗu da magana ɗaya a baki: ba da hannunmu ba, ba za a ƙara ba.

Ban yi nadama ba. Ban yi ba. Ko yau aka kawo takardar tamu zan sake sa hannu.

To me ya hana ni tashi daga kujerar nan?

Fankar nan ƙara kawai take yi. Sha biyu saura ashirin.

Taron bara ne ya jawo mini. Otal, sanyin na'ura, ruwan roba a kowane tebur, ma'aikatan lafiya an cika ana musu kan dokar. Wata mata daga Abuja tana nuna hotunan matan da suka mutu a bayan shagon magani, tana cewa a faɗaɗa doka. Wani ustazu yana cewa ƙofar da ke akwai ma ta yi faɗi. Wani lauya yana tambaya, in ma'aikaci ya ce imaninsa ya hana shi, kuma shi kaɗai ne a bakin aiki, wa ke da haƙƙi, shi ko wadda ke zubar da jini? Ni kuwa kaina ya ɗau zafi. Na miƙe na karɓi abin magana, na ce ku faɗaɗa ko ku ƙuntata, wannan ruwanku, amma hannun nan nawa ne, shi zai yi shaida a kaina ranar da ba lauya. Aka tafa. Wani ya ɗauka a waya. Kafin in isa gida ya riga ni isa, Inna ta sa an kunna wa maƙwabta a tsakar gidanmu na Ƙofar Atiku, Sirajo ya yi kwana uku yana tura wa duk wanda ya sani. Na ji daɗi. Ƙarya zan yi in ce ban ji ba.

Jiya bayan la'asar ya tafi wurin limamin unguwarsu. Na zaci malam zai kore shi, da ya huce mini. Ina! Malam ya saurara, ya tambayi watannin cikin, ya ce bai kai huɗu ba, in amintaccen ma'aikacin lafiya mai tsoron Allah ya tabbatar ran uwa na cikin haɗari, lalura ce, a yi. Shi ke nan Sirajo ya kwaso maganar ya dire mini ita da safe a bakin ƙofa, ko jakata ban ajiye ba:

«Yaya, ni ban san amintacce ba cikin asibitin ga in ba ke ba. Ke da kinka ƙiya gaban duniya. Abin da kinka ce shi za a yi.»

Ka ji fa. Na ƙi don in fita daga ciki, ƙin ya mayar da ni alƙali.

Tabbatar… wa ke tabbatarwa? Na tare Dakta Gazali a matakala, na ce ka rantse mini mutuwa za ta yi in an bar shi. Ya cire tabarau ya share da rigarsa. Ya ce ba ya rantsewa. Ya ga wadda ta kai wata tara ta rayu. Ya ga huɗu da ba su kai ba. Ɗaya da huɗu — wace ce Mariyatu a ciki? In ita ce ɗayar fa? In na ce a yi, alhali da an bar su duka biyun za su rayu? Na gan shi a hoto jiya, ɗan ɗigo yana ɓal-ɓal-ɓal, da sauri, da ƙarfi, ya fi na uwarsa kuzari. Ɗan Sirajo. Ni ce gwaggonsa.

In kuma tana cikin huɗun?

Tukunyar dafa kayan aiki ta fara tururi, ga shi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa — tururi, bayan ɗakin Inna, babbar tukunya a kan murhu, ganyen bedi, darbejiya ke nan, ana tsomawa ana fyaɗa wa Mariyatu safe da yamma. Marainiya ce, ba gidan da za ta je wanka, Inna ta ce ita za ta yi mata jego da hannunta, kada a ce an wulaƙanta 'yar mutane. Kunun kanwa kwano guda. Garwashi a ƙarƙashin gado, a watan da ko ba wuta mutum dahuwa yake yi a garin nan. Kwana ashirin na je dubiya. Ƙafa ta yi suntum. Na danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Na sani. Wallahi a take na sani. Na ce Inna a rage kanwar nan, a kawo ta asibiti. Ta ce ruwan jego ne, sauka yake yi, da wannan wankan ta haife mu mu takwas, ko yanzu boko ya fi ta sanin jego? Na yi dariya, na ce Allah ya ba ki haƙuri. Na hau kabu-kabu na tafi aiki.

Likitoci har yau musu suke, wasu su ce kanwa da zafin ne ke jawo ciwon, wasu su ce ba su ba ne. Ina riƙe da musun nan da hannu biyu. Amma sati ukun da aka ƙara kafin a kawo ta, tana numfashi a zaune… wannan ba likitan da ke musu a kansa.

Mai tsoron Allah. A gaban mutum ɗari biyu na iya magana, a gaban Inna na yi dariya.

Ga Laraba ta shigo ɗaukar ledar ruwa. Ba ta kallona, tana duba kwanan wata a jikin ledar. Ita ta saka wa Mariyatu allurar hannu da safe, na gani. A bakin ƙofa ta tsaya.

«Saude, ni ba zan yi ba na rubuta. Ban rubuta kada a yi ba.»

Ta fita. Da sauƙin faɗa, Laraba, ba ke ake jira ba. Ina bambancin? In na ce a yi, aka yi, ban yi ba ke nan? Wanda ya ce a yanka da wanda ya riƙe wuƙa, wa aka sallama a cikinsu? Baki ba zai yi shaida ba ne, sai hannu kaɗai? To in haka ne shekara bakwai me nake tsarewa? In kuma na ce kada a yi, ta cika a watan bakwai tana haki a kan tabarma a Minanata, shi ma ba da hannuna ba, ko? Hannu tas. Ni zan ma yi mata wankan gawa, ni ce babba.

Tsaya. Tsaya, Saudatu, ki faɗi gaskiya, ba kowa a ɗakin. Allah kike tsoro ko mutanen da suka tafa? Gobe a ce wadda ta cika baki a otal, da abin ya zo gidansu ta lanƙwashe? Akwai wannan. Akwai shi, ƙasa-ƙasa, ina jin kunyarsa. Amma yatsun nan ma akwai su, ba don a tafa na gan su ba. Ta yaya zan raba, in san nawa ne na Allah, nawa ne na Sista Saude?

Sha biyu da rabi ta gota.

Ita fa? Jikinta ne. An tambayi Dakta, an tambayi malam, an tambayi doka, an tambaye ni. Dakta ya yi mata bayani jiya, ta ce to. Komai aka ce mata to take cewa, aka ce ta sha kanwa ma to ta ce. In tashi in tambaye ta. In ta faɗa da bakinta, sai in kai wa Sirajo, in ce ga abin da matarka ta ce, ni 'yar aike ce… eh. Haka za a yi. Na san gudu nake, amma haka za a yi.

Baranda. Sirajo ya miƙe tsaye, na wuce kamar ban gan shi ba. Ɗaki na huɗu. Filo uku a bayanta, ba ta iya kwanciya miƙe, robar iska a hanci. Tana ganina ta fara laluben hijabi, da allura a hannu, wai kada yayar miji ta gan ta ba lulluɓi. Na kama wuyan hannun kamar awo na zo yi. Jijiyar na gudu a ƙarƙashin yatsuna, siririya, tana tuntuɓe.

«Mariyatu, ke mi ki ka so?»

Murmushi take yi. Ni take lallashi.

«Yaya, kak ki wahal da kanki. Na san ba ki yi, na gani ga waya.» Ta tsaya ta ja iska. «Na hwaɗa ma Inna ta riƙe Jamilatu. Ba ta shan kunu in ya huce, sai an ɗumama. A tuna mata.»

Ta gama shiri. Tun yaushe? Tun jiya, tun da aka ce ni za a tambaya? Tana kwance a nan tana raba 'yarta, ni ina can ina auna imanina. Amsar da nake ta juyawa tun safe, ashe ita ta daɗe da karɓa, tun bara, a waya, har da tafi…

«Ba shi nit tambaye ki ba. Ke, ke mi ki ka so?»

Ta dubi ƙofa. Ta sauke murya har sai da na sunkuya.

«In ga ta hwara tahiya.» Iska. «Amma abin da kinka ce, Yaya.»

Ana ƙwanƙwasa lasifikar masallacin asibiti, ana hura ta, ladan na gyara murya. Talatin da ɗaya, talatin da biyu — na ɓata ƙirgen bugun jijiyar, daga ina na faro? Hannunta na cikin nawa, ba ta janye ba, jira take. Bakina a buɗe yake, na ji shi a buɗe. Bari in zauna a bakin gadon nan… minti ɗaya kawai…