Man Jar Saniya

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, abin da ya rage wa Inno cikin garken ubanta duka jar saniya ce guda da 'yar maraƙarta. Sauran, ungulu suka ci gado. Su biyun nan take kallo ta ce wata rana za ta sake zama mai shanu, ko da 'yan'uwanta mata na yi mata dariya, wai ta auri Bahaushe maharbi, ta koma rainon saniya ɗaya kamar mai goyo.

Mijin nata Sama'ilu, kowa a gefen duwatsun Roni ya san shi da bindigarsa ta toka. Ba ya wasa da ita. In ya ɗura albarushi, sai ya ɗauko 'yar hular jan ƙarfe, ƙarama kamar ƙwayar dawa, ya kifa a kan ɗan bututun da ke kai wuta ciki. Ita ce kunamar bindiga ke sara in an ja, wuta ta tashi. In damina ce, sai ya murza kakin zuma a tafinsa ya liƙe gefen hular, don kada danshi ya shiga. Me ya sa kaki, ba wani abu ba? Oho. Bai taɓa faɗa wa Inno ba, don a wurinsa mace ba ta taɓa bindigar maharbi, balle a zauna ana yi mata bayani.

To, farin da ya kashe shanu bai bar zuma ba. Amyoyi suka bushe a kan itatuwa. Sama'ilu ya nemi kaki a kasuwar Roni, ya je Kazaure, ya yi sautu har Babura, babu. Kasuwa cike da rediyo da agogo da kwanon silba, amma ɗan kakin da bai kai kan yatsa ba ya gagara.

Ana cikin haka kura ta sauko daga duwatsu. Ta ɗauke tunkiyar maƙwabci, ta dawo ta bar sawunta a bayan turken maraƙar. Inno ta ga sawun. Ta san halin jar saniya: in babu 'yarta a gabanta, ko ɗigo ba za ta saki ba.

Sama'ilu ya ɗura bindiga ya jingine a bakin ƙofa, yana ta mita a kan ruwan da ya ƙi ɗaukewa. Ya ce hula ba kaki a irin wannan danshi, sai dai a bar wa Allah. Ya fita sallar magariba.

Inno ta tsaya tana duban bindigar. A gidansu, duk abin da ake tsoron ruwa ya ɓata, man shanu ake shafa masa: ƙwarya, igiya, takalmin fata, har kan jariri. Ranar kuwa ta kaɗa nono, ta samu ɗan curin mai, wanda ta hana bakinta. Ta lakato da yatsa, ta yi bisimilla, ta shafe gefen hular tsaf, ta goge wajen da bakin zanenta don kada ya gani. Wallahi har daɗi ta ji.

Gari ya waye da yayyafi. Sama'ilu na dawowa daga masallaci saniya ta yi wani irin kuka. Ga kura nan a turke, tsakaninsu bai fi jifa ba, ta ba shi haƙarƙari kamar an saita masa. Ya rarumi bindiga, ya durƙusa, ya auna, ya ja.

Ƙyas. Shi ke nan.

Ya sake ɗana kunama, ya sake ja. Ƙyas. Kurar ko gudu ba ta yi ba, 'yar banza. Ta cafki wuyan maraƙar, ta fizge igiya, ta bi kwari tana janta. Inno ta bi ta da taɓarya har ƙaya ta yayyaga mata ƙafa, ta dawo da guntun igiya.

Ta tarar da shi zaune a ƙasa cikin caɓi, ya cire hular bindigar yana jujjuya ta. Ba ruwa a jikinta ko kaɗan. Mai ne ya narke ya tsuma garin albarushin da ke cikin hular, ya mai da shi kamar ƙulli. Ya kai hanci ya shinshina.

"Inno, ke kika taɓa?"

"Ni ce, Malam. Na ji ka ce ruwa zai shiga."

"Ruwa wataƙila ya shiga, wataƙila bai shiga ba. Mai kuwa ba ya barin ko ɗaya."

Ta so ta tambaye shi me ya hana shi faɗa mata wannan tun shekarun da take share ƙarƙashin bindigar nan. Ta ɗauki ƙwaryar tatsa, don hannu ya saba, ta tsuguna a gindin jar saniya ta ja. Saniyar na kallon kwari, ba ta saki komai ba.