Layi Ɗaya na Gargaɗi

…kuma wai ita ce za ta rubuta. Ita! Mutum goma sha huɗu a ofishin nan, kowa da yatsunsa goma, amma Dogo, shugaban sashen, a kanta ya zo ya tsaya da kofinsa a hannu: "Anti, ke kika fi kowa sanin tsohon injin nan. Ki rubuta mana gargaɗin janye shi kafin taron sha ɗaya."

Anti. Duk ranar da za a ci mata fuska da Anti ake farawa.

Goma da kwata. Fanka na kaɗa takardun da ke kan teburinta, tana danne su da gwiwar hannu. A allon kwamfuta fayil ɗin a buɗe yake, layi dubu shida da wani abu. Nata. Injin manhaja ne da ta rubuta, wanda ke ɗaukar samfurin shafin intanet, ya zuba masa suna, ya zuba masa kwanan wata, ya fito da abin da mutum zai gani a wayarsa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki bai taɓa cewa ya gaji ba. Yau kuma ya zama "tsohon yayi". A bakin wa? A bakin waɗanda da shi suka koyi… kai!

Ta rubuta: Wannan hanya ta tsufa.

Tsufa? Ta goge.

Cikin wata bakwai gare ta lokacin da ta rubuta injin. Ƙafa a kumbure, ta ɗora kan kwali a ƙarƙashin wannan teburin dai, wannan mai ɓantaren gefe. Mijinta yana kira, kin ci abinci? Na ci. Ƙarya. Yarinyar da ke cikin nan yanzu ta kai ta kafaɗa, har tana gyara mata ɗaurin ɗankwali. Ita ba a ce ta tsufa ba, sai abin da aka haifa tare da ita?

Wata goma sha takwas. Abin da kwamiti ya yanke ke nan: sigar manhajar mai zuwa ta yi gargaɗi, ta bayanta ta cire shi ɗungurungum. Hannu tara sama, hannunta ɗaya a cinya. Dogo har da murmushi, "mun gode da fahimta." Wace fahimta? Wa ya ce ta fahimta?

To matar nan fa? Malamar da ta aiko da saƙo ranar Talata — shafin makarantarsu, inda iyaye ke duba sakamakon yara, samfuri ɗari huɗu, duk da tsohuwar hanya aka gina su. Wanda ya gina musu ya bar aiki. "Don Allah 'yar'uwa, in kun cire mu yi yaya?" Ku yi yaya? Ku karanta jagorar ƙaura zuwa sabon inji, in ji Dogo. Shafi sittin! Mace da aji uku a wuyanta za ta zauna ta… Shi ya taɓa amsa saƙon mutum ɗaya? Shi dai zane a farin allo, kibiya nan, kibiya can, sabon inji ya fi sauri, sabon inji ya fi tsaro —

Tsaro.

A'a. Ba za ta shiga nan ba.

Goma da rabi. Wani yana dariya a bayan gilashi. Da ita ake? Su yi.

…layi na dubu biyu da ɗari uku. Ba sai ta duba ba, ta san shi kamar tabon da ke hannunta. Wurin da injin ke karɓar duk abin da baƙo ya rubuta ya manna shi a shafi ba tare da ya tace ba. Shekara huɗu da ta gano. Ta yi masa faci. Facin ya yage, ta ƙara wani a kai. Gyaran gaske sai an rushe rabin ginin, ita kuwa… Sai watan jiya, shafin wani ɗakin shan magani, wani ɗan iska ya bi ta wannan ƙofar ya kwashe sunayen mata masu zuwa awo. Suna, lambar waya, watan ciki. A taro ba wanda ya kalle ta. Da ma sun kalle ta! Da ma Dogo ya buɗe baki ya ce ke ce, ta samu wanda za ta yi wa ihu. Sai ladabi. Sai Anti.

Ta ture takardun gefe da ƙarfi. Haushi ne. Haushi ne mana, me kuma?

Ta gangara ƙasan fayil ɗin, can tarihin farko, ta ga yadda ake rubuta irin wannan gargaɗi, don ta tuna an taɓa yi sau ɗaya. Ga shi. Shekara goma sha ɗaya baya:

"An daina amfani da wannan. A koma sabon inji."

Kalma tara. Ba sannu, ba na gode. A ƙasa kuma sunanta.

Na Baba Injiniya ne wancan, wanda aka daina. Mutumin da ya zaunar da ita kusa da shi wata shida yana nuna mata inda ake sa waƙafi. Shekara nawa ya yi yana gina nasa? Ba ta tambaya ba. Ta tuna dai ta rubuta, ta tura, ta tashi ta tafi cin abinci — har da daɗinta. Washegari ya gaishe ta a bakin ƙofa, "Ɗiyata, ya jiki?" Ya jiki kawai. Bayan wata biyar ya kwashe littattafansa a kwali… ita ta riƙe masa ƙofa ma. Ta ɗauka gwiwa ce ta dame shi. Haka ya ce, gwiwa.

Yana raye kuwa? Lambarsa na tsohuwar wayar da ta…

Sha ɗaya saura biyar. Ana jan kujeru a ɗakin taro. Dogo ya leƙo, ya ɗaga gira, ta ɗaga masa yatsa ɗaya: ina zuwa.

Filin rubutun fari fat. Ɗan sandan nan na allo yana ƙiftawa, yana ƙiftawa. Ta ɗora yatsu a kan madannai, sun yi mata nauyi kamar ba nata ba. Me za ta ce wa malamar? Me ya kamata a ce ta ce wa Baba?

Ta rubuta: Wannan inji ya yi…

Ya yi me?