Makullin Lamba Sha Huɗu

Aikina a kamfanin nan ba wani babban aiki ba ne. Ina zaune a ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, a Sharada, inda ake yin bokitai da butoci da kujerun roba. A bayana akwai allon katako mai ƙusoshi ashirin da biyu, kowace ƙusa da makullin babbar mota ɗaya. Direba ya zo da safe in miƙa masa ta taga, in ya dawo ya ba ni in rataye. Amma akwai doka ɗaya da kowa ya sani, har leburan da aka ɗauka jiya: direban da ya yi kwana uku bai karɓi makullinsa ba, an ba wani. Ba a tambayar dalili. Manaja yakan ce kaya ba sa jiran mutum, kuma kullum akwai direbobi biyar zaune ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa da lasisinsu a aljihu, suna jiran a kira ɗayansu.

Lamba sha huɗu ta Malam Dalhatu ce. Shekara goma sha tara yana karɓar ta. Shi ke kai kaya Maraɗi da Damagaram, kuma sauran direbobi suna tsokanarsa wai ko keke sai ya riga shi isa. Shi kuwa sai ya ce bai taɓa jin an raba kyauta a Maraɗi don an zo da wuri ba. Kafin ya zo tagata kowace safiya sai ya zagaya motarsa, ya buga kowace taya da ƙarfe, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya zo mu gaisa in ba shi makulli.

Akwai wata al'ada kuma. Ba a ɗaukar sabon direba sai wani tsohon direba ya tsaya masa, ya sa hannu a takarda cewa ya san shi, ya san gidansu. Shekara biyu da suka wuce Malam Dalhatu ya tsaya wa Mustapha, mijin 'yarsa Fatima. Takardar tana cikin durowata.

Ranar Litinin da sassafe Mustapha ya goge wani ɗan adaidaita sahu a hanyar Challawa, mutumin ya karye a ƙafa. Jama'a suka fara taruwa, Mustapha ya yi abin da direbobi da yawa ke yi in sun ga haka, ya diro daga mota ya shiga lungu, ya kashe wayarsa. Wajen ƙarfe tara 'yan sanda biyu suka zo tagata. Babbansu, wani saja mai ƙaramar murya, ya tambayi inda direban yake. Na ce ban sani ba. Ya ce to wa ya san shi?

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ba wanda ya matsa min. So nake kawai su ga ofishina a tsare yake, komai da takardarsa. Na jawo durowa, na zaro takardar, na ce, "Ga wanda ya tsaya masa. Ga shi can yana duba taya."

Suka same shi a tsugune. Sajan ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya zo ya ɗan taimaka musu, minti goma ne. Malam Dalhatu ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗaga min hannu daga nesa, ya bi su. Makullinsa yana kan ƙusa.

Da azahar ta wuce bai dawo ba, muka shiga abin da muka iya. Mu dai in an taɓa namu, ba ma tambayar ko an yi daidai, sai mu fara tambayar wa ya san wa. Shugaban direbobi ya ce yana da aboki da ya san ogan caji ofis ɗin da aka kai Malam Dalhatu. Abokin yana Dakata, muka je aka ce ya tafi ɗaurin aure. Ranar Talata da safe muka je gidan wani Alhaji a Bompai, muka cire takalma muka zauna a zaure awa biyu, ya fito ya saurare mu, ya ce in sha Allahu zai yi waya. Ni da bakina na ambaci lauya sau ɗaya, sai kowa ya juyo kaina. Suka ce kar a soma, da zarar lauya ya shigo magana ta yi girma, 'yan sanda za su ga an raina su. A bi a hankali, a roƙa. Na yarda, don nima a raina haka na ɗauka.

Ranar Talata da la'asar na kai masa abinci. Na same shi a bayan kanta, zaune a benci, an karɓe hularsa da takalmansa da wayarsa. Mutumin da ban taɓa gani ba hula ba. Sai na ji ba na iya kallon kansa.

"Malam, me suka ce kun yi?"

"Ba su ce na yi komai ba, Auwalu. Ai ba kama ni aka yi ba. Jira nake."

"Jiran me?"

"Mustapha ya zo, in tafi. Ni na tsaya masa. Wanda ya tsaya wa mutum ai shi ake riƙewa." Ya faɗe ta kamar yana gaya min ranar kasuwa. Sannan ya rage murya. "Sajan ya ce in ba ni ba, Fatima za su ɗauko. Ita da goyon wata huɗu. Gara ni."

Na tuna masa da makulli. Ya ce ya sani, yana lissafin kwanakin. Na kwantar masa da hankali, na ce Litinin ba ta cikin lissafi tunda ya zo aiki, saboda haka muna da har safiyar Alhamis. Haka na lissafa, kuma ban tambayi kowa ba.

Matata ce ta gaji da ganina ina zaga tsakar gida. Laraba da asuba ta kira ƙanwarta, Halimatu Sa'adiya, wadda take lauya a wani ofishi da ke taimaka wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Lambarta tana wayata tun ranar Litinin, tun ma kafin nan da shekaru. Amma yarinyar da na sani tana tallar awara a ƙofar gidan surukaina, in je in ce ta fitar min da dattijo daga caji ofis? Girman kai ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Ta saurare ni a waya, ta yi tambaya uku kawai. Yaushe aka tafi da shi? An rubuta masa laifin da ake zarginsa? An kai shi kotu? Na ce Litinin, a'a, a'a.

"Yaya Auwalu, tun Litinin kuna ina?"

Na ce muna ƙoƙari.

Ƙarfe takwas na bar allon makullai a hannun mai gadi, na same ta a Na'ibawa muka wuce tare. A hanya ta yi min bayanin da ya sa na ji kamar in sauka daga motar. Doka ta hana a kama mutum a madadin wani, ko ɗansa ne, ko matarsa, ko wanda ya tsaya masa. Takardar da ke durowata tsakanin Malam Dalhatu ce da kamfani, ba ta ba ɗan sanda ikon riƙe shi ko na awa ɗaya ba. Ko da shi ake zargi, dole a gaya masa dalili a harshen da yake ji, a bar shi ya kira iyalinsa da lauya, kuma a cikin gari irin Kano inda kotu take kusa, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko a ba da belinsa. Belin ma ba a biyan komai a kansa.

Muka jira ogan caji ofis ɗin har sha ɗaya da rabi. Da ya zo, Halimatu Sa'adiya ba ta cire takalmi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta gaishe shi, ta faɗi sunanta da inda take aiki, ta ce tana son ganin inda aka rubuta sunan Dalhatu da abin da ake tuhumarsa da shi. Ogan ya kira sajan. Sajan ya ce ai ba tsare shi suka yi ba, taimaka musu yake yi.

"To madalla," in ji ta. "Tunda taimako ne, ya gama. A ba shi hularsa."

Ogan ya kalli sajan, ya kalle ta, ya ce a sallame shi. Na duba agogon bango. Daga shigarmu ofishin ogan zuwa wannan maganar minti goma sha biyu ne.

Abin da ban zata ba, Malam Dalhatu ya ƙi tashi daga bencin. Aka ajiye masa takalmansa a gabansa, ya kalle su kawai.

"'Yata, in na fita wa zai zauna?"

"Ba wanda zai zauna, Baba. Benci ne, a bar shi haka."

"Sun ce Fatima."

Ta ja kujera ta zauna daidai da shi. Ta ce dokar da ta hana a riƙe shi ita ce ta hana a taɓa Fatima, kuma ta faɗa da ƙarfi yadda sajan zai ji. Ta ce neman Mustapha aikin 'yan sanda ne, kuma abin da ya fi masa shi ne ya kawo kansa, ita za ta raka shi. Ta rubuta lambarta a takarda ta ce a kai wa Fatima, in wani ya je ƙofar gidanta ta kira kafin ta ɗauki mayafi.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya sa hularsa, ya gyara mata zama da hannu biyu, ya miƙe.

A cikin adaidaita sahun da ya ɗauko mu ina ta zuba, ina cewa mun ci nasara da sauran kusan yini guda. Har tsokanarsa na yi, na ce yau dai ya yarda a yi gudu. Bai yi dariya ba, amma na ga yana murza yatsunsa yadda yake yi in zai karɓi makulli. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna muka shiga kamfani.

Tun daga ƙofa na ga inda motarsa take tsayawa babu komai sai ɗigon baƙin mai. Na shiga ɗakina, na duba allo. Ƙusa ta sha huɗu ba komai a kanta. Mai gadi ya ce manaja ya zo da kansa wajen ƙarfe goma, ya cire makullin, ya leƙa waje ya kira ɗaya daga cikin masu zaman darbejiya. Motar ta kama hanyar Maraɗi.

Na haye sama wurin manaja ba ko sallama. Na ce Laraba ba ta ƙare ba. Ya ɗaga yatsu uku.

"Litinin, Talata, Laraba. Ranar Litinin ya karɓi makulli?"

"Ya zo aiki, ranka ya daɗe. Yana duba taya aka tafi da shi."

"Ya karɓi makulli?"

Na ce bai karɓa ba. Na gaya masa mutumin nan bai yi laifin komai ba, lauya ma ta tabbatar. Ya ce bai ce ya yi laifi ba, kuma wallahi ya tausaya masa, amma lodin Laraba ya riga ya fita, kuma wanda aka ba makulli ba a karɓewa. In wata ƙusa ta samu, ba zai manta da shi ba.

Na sauko na sami Malam Dalhatu tsaye a tagata, daidai inda yake tsayawa kowace safiya, yana kallon allon. Bai tambaya ba, ya riga ya gani.

"Auwalu, yarinyar nan, da ranar Litinin ta zo, da ranar Litinin zan fito?"

"Haka ta ce, Malam."

"Kuma 'yar'uwar matarka ce."

"E."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne na kasa ganewa ina zaune a can. Ta yaya suka san ni na tsaya masa? Takardar ai a nan take."

Zan iya cewa manaja ne, ko in ce sun bincika da kansu, ba zai taɓa sani ba. Na ce, "Ni na nuna musu."

Ya kalle ni, ba da fushi ba, kuma da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "To. Allah ya kyauta gaba." Ya juya ya fita a hankali, irin tafiyarsa.

Mustapha ya kawo kansa ranar Alhamis, Halimatu Sa'adiya ta raka shi. Washegari aka kai shi kotu, aka ba da belinsa, ya kwana a gidansa. Shi da ya buge mutum kwana ɗaya ya yi a hannunsu. Ba wanda ya je ƙofar Fatima.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai na buɗe tagata. Ƙarƙashin darbejiya mutum shida ne. Na ƙarshe a layin yana sanye da hula, lasisinsa a aljihun gaba, da ƙarfen buga taya a kan cinyarsa. Ya ɗaga min hannu kamar kullum, nima na ɗaga masa.