Ƙodar Akuyar Tsahara

Tagwayen ne suka fara tafiya. Kwana uku 'yan awakin suna tsotson uwarsu, ciki na kumbura, fitsari ya ƙi fita, a na huɗu Tsahara ta tarar da su sun sandare. Ranar Laraba uwar ma ta kwanta, Tsahara ta sa aka yanka ta kafin ta zama mushe.

Da aka feɗe ta, malamin dabbobin da ya zo daga Ƙonni ya ɗaga ƙodar, ta kumbura ta yi fari fat. Ya ce guba ce, ta bi jini ta shiga nono. Tsahara ba ta tsaya tambayar ta ina ba. Kowa a Bazaga ya san wan mijinta, Mati, in ya gama feshin wake, a kwamin da awaki ke shan ruwa yake ɗauraye famfonsa. Sau biyu ta yi masa magana, ya ce surutun mata ne. Yanzu akuya ɗaya ta rage mata, ita ma da ciki, kuma kwamin ɗaya ne.

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. A gidansu in an yi yanka, ƙoda ta babban gida ce. To, ai kuwa za a bi al'ada! Ta gasa ta, ta barbaɗa yaji, ta kai wa Mati ƙarƙashin bishiyar bedi, inda yake zaune da dattawan unguwa.

"Yaya, ga rabonka," ta ce, ta durƙusa.

Mati ya kalli kwanon. "Ta akuyag ga da ta yi ciwo?"

"Ita ta. Malam ya ce maganinka na. In ƙarya shika yi, ci ka wanke kanka gaban mutane. In gaskiya ta, hwaɗi da bakinka, kuma hwamhonka shi bar kwami."

Mati, mutumin da bai taɓa mayar da nama ba ko na sadaka, ya hau susar ƙeya.

"Azumi nika yi yau," ya ce, leɓensa jawur da goro.

Tsahara ta rufe kwanon, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Babu komi, Yaya. Ina nan har a sha ruwa."