Katifar Jaririya

Mai katifa ba ya sayen auduga da ido. Duk buhun da aka kawo masa sai ya zura hannu har gwiwa, ya ji ko da danshi. Da annoba ta hana motocin auduga shigowa gari, wani mai amalanke ya fara kawo masa buhuna masu arha, shi kuwa bai tsawaita tambaya ba.

Da safen nan yana zura hannu wani abu ya soke shi a yatsa. Allura ce har da sirinjinta, ga bandeji mai tabon jini ya biyo ta.

"Ina ka kwaso wannan?"

Mai amalanke ya sosa ƙeya. "Bayan asibitin da ake killace masu cutar nan. Injin ƙona shararsu ya lalace, jibgewa kawai suke yi. Amma wallahi farar muke tsincewa mu shanya."

"Har da na jiya?"

"Duk wuri ɗaya ne."

Buhun jiya kaɗai ne mai katifa bai laluba ba, don ɗoki ya ɗebe shi. 'Yarsa ce ta haihu, ya zazzage audugar cikin 'yar ƙaramar katifa, ya ɗinke, ya aika musu.

Ya kira wayarta, ba ta ɗauka ba. Ya bar shagon a buɗe ya falla da gudu, tsoho da shi, takunkumin fuska na reto a kunne ɗaya.

Matarsa, wadda ta je taya jego, ta tare shi a ƙofa da buta. "Wanke hannu tukuna, sarkin gaggawa!"

"Ku ɗauke ta! Ku ɗauke yarinyar nan daga kan katifar!"

Mai jego ta sure jaririyar ba tare da ta san dalili ba. Ya ja katifar tsakar gida, ya farke ɗinkin da almakashi, ya shiga tona audugar da tsinke. Safar hannu ta roba ta fito. Sai ga allura a kwance dab da yadi, daidai inda kan jaririyar ya lotsa.

Suka tuɓe ta, suna duba ƙeya, wuya, bayan kunne. Ba ko ƙwarzane. Matarsa ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

"Baba, ungo ta," in ji mai jego. "Ko ɗaukarta ba ka yi ba tukuna."

Babu abin da yake so a duniya kamar ya karɓe ta, amma tsoro ya cika shi. Ya ja da baya, ya ɓoye hannun damansa a bayan riga.

"Baba, jinin me ke yatsanka?"

"Ɗaga min ita daga nan," ya ce. "In gan ta da kyau kafin in tafi asibiti."