Ba Ya Cikin Jerin Sunayen

A garin da ke jingine da barikin soja, shiru shi ne babban labari. Idan nakiya ta tashi da motar mazanmu a Afganistan, abin da rundunar ke fara yi shi ne ta katse duk wayoyin sansaninsu, kada wata ta ji mutuwar mijinta a bakin maƙwabciya kafin hafsoshi biyu su ƙwanƙwasa mata ƙofa. Matan garin nan namu na Kentucky sun san wannan shirun kamar yadda suka san kukan 'ya'yansu. Wuni guda ba kira, sai ka ga kowace ta samu aikin yi kusa da taga.

Loretta Gaskins ce ke riƙe da jerin sunayen. Shekara ashirin da huɗu tana bin mijinta, Saje Manja Harlan Gaskins, daga bariki zuwa bariki, har ta fi wasu hafsoshin sanin doka. Jerin nata na iyalan sojojin kamfanin mijinta ne, wato rukunin sojan da yake ciki, suna ɗari da goma sha biyu, kowane da lambar waya da gurbin dangantaka: mata, miji, uwa, uba. Idan hukuma ta gama sanar da dangin wanda abin ya shafa, sai a ba Loretta 'yar takarda ta bi sauran tana karanta musu. Wanda ba ya cikin jerin kuwa, ko faston cocinsu ne, ba ya jin ko harafi daga bakinta. Tana alfahari da wannan, kuma ba laifinta, domin ba ta taɓa karya shi ba.

A kakar 2010 majalisar dattawa ta ɗau zafi a kan dokar nan ta "kar a tambaye ka, kar ka faɗa". Sojan da ke son jinsinsa yana iya sa kaki muddin ya kama bakinsa. Ranar da ya faɗa, ko aka kai magana a kansa, ya kama hanyar tuɓe shi. Wasu 'yan majalisa na cewa a soke ta, wasu na cewa ba a taɓa irin wannan abu ana tsakiyar yaƙi. Rediyo ita ce, wajen aski ita ce, har a zauren coci inda matan ke haɗuwa ranar Asabar suna cika kwalaye da safa da cingam da busasshen nama don aika wa mazansu.

"Ni dai ban ga abin da dokar nan ta tsare wa kowa ba," in ji Loretta wata Asabar, tana danna safa cikin kwali. "Babu mai tambayarka, kai ma ka yi shiru. Wannan ai kara ce. Ni ina bin mutane ina ba su labarin ɗakina?"

Charlene Otero, matar wani kofur, yarinya mai baki kamar reza, ta kwashe da dariya. "Haba Madam Loretta! Ke da hoton Harlan a jaka, a mota, har jikin firij? Karen gidanku ma ya san ranar aurenku."

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta?"

"Ke dai miƙo min salatif ɗin nan, lauyar majalisa. In an zaɓe ki sai ki soke."

Wanda ya miƙo salatif ɗin Wendell Sykes ne, malamin lissafi a sakandaren gari, dogo mai tabarau, namiji tilo da ke zuwa haɗa kwalaye. Shi ne ke kula da gidan Saje Russell Tibbs, ma'aikacin jinyar sojojin kamfanin a fagen daga. Haka aka gabatar da shi tun farko, haka kuma kowa ya bar shi. Loretta ta san abin da ke tsakaninsu, irin sanin da mutum kan yi wa ƙullutu a jikinsa ya ƙi zuwa asibiti. Ba ta taɓa tambayarsa ba, tana kuma ganin mutunci ne take yi masa. Shi kuwa ya ci gaba da liƙe kwalaye.

Ranar Litinin wayoyi suka ɗauke. Sai da safiyar Alhamis aka kira Loretta daga bariki aka ba ta takardar karantawa: an rasa soja ɗaya, biyu sun ji rauni, an sanar da danginsu. Ita kaɗai aka gaya wa sunayen. Harlan lafiyarsa lau. Ɗaya daga cikin masu raunin Saje Tibbs ne, ɓaraguzan nakiya sun shige shi a ciki da cinya, an kai shi asibitin soja a Jamus. Sunan da ya rubuta a takardarsa na mahaifiyarsa ne, tsohuwa a gidan kula da tsofaffi a Ohio, wadda ruɗewar tsufa ta sa ba ta ma gane ɗan nata. An je an sanar da ita kamar yadda doka ta ce. Ta yi godiya, ta tambayi hafsoshin ko sun ci abinci.

Loretta ta wuni tana kira. Ta tsallake gurbin Tibbs, tunda babu wanda za a kira a wurin.

Washegari da hantsi aka buga ƙararrawar gidanta. Wendell ne tsaye da taye a wuya, ya yi shirin makaranta amma bai je ba. Idanunsa sun yi ja, gemu ya tsiro masa tsil-tsil.

"Madam Loretta, ba tambayarki na zo yi ba," ya ce. "Na san ba na cikin takardarki."

"Shigo mana, Wendell."

"A'a, nan ma ya isa. Na ji a gari an ce an buɗe wayoyi jiya. Kowa an kira shi." Ya gyara tabarau. "Kwana huɗu ina zaune gaban taga ina jiran motar hafsoshi. Sai jiya da yamma na tuna ashe ba gidanmu za ta zo ba. Ko me ya faru, ba mai zuwa."

Gidanmu ya ce. Ya ji abin da ya fita daga bakinsa, ya sunkuyar da kai.

Loretta ta riƙe ƙofa. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa sakin labari ga wanda ba ya cikin jeri ba. Amma tausayi ya kama ta, kunya kuma ta biyo baya, don jiya ta ga gurbin nan ta wuce shi tana kurɓar kofi.

"Yana da rai," ta ce. "Ya ji rauni sosai, an yi masa aiki, amma yana da rai. Yana Jamus."

Wendell ya zauna a kan matakala kamar an zare masa ƙashin baya. Bai yi kuka ba, numfashi kawai yake ta ja.

Loretta mace ce da idan tausayi ya kama ta sai ya koma mata faɗa. Ta san rundunar soja na ɗaukar nauyin kai dangin mai rauni har bakin gadonsa, ta kuma san tsohuwar Ohio ba inda za ta. Ga kujerar jirgi ba mai zama, ga mutum a kan matakalarta. Ta ɗauko jaka da makulli.

"Tashi mu je bariki."

"Madam, don Allah kar ki..."

"Ka tashi na ce! Ni na san yadda ake magana da su. Shekara nawa kuna tare?"

Ya ce, "Tara."

Ta bar shi a mota ta shiga ofishin Kyaftin Navarro, hafsan da aka bari ya kula da harkokin iyalai. Ta karɓi fom ta cika tsaye. A nan ta tafka kuskuren matar soja mai gaskiya, wadda aka koya mata duk rayuwarta cewa ba a yi wa takardar hukuma ƙarya, kuma hujja mai ƙarfi ce ke buɗe ƙofa. A gurbin dangantaka ta rubuta da manyan baƙaƙe: abokin rayuwarsa, shekara tara gida ɗaya. Ta sa hannu, ta tura masa.

Kyaftin ya karanta. Ya kife takardar a kan tebur, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Madam Gaskins, kin san abin da kika rubuta?"

"Gaskiya na rubuta."

"Shi ya sa nake tambaya. In takardar nan ta shiga fayil da sa hannunki, ba ni da ikon ɓoye ta. Sama za ta tafi. Saje Tibbs zai farfaɗo daga aikin tiyata ya tarar ana bincikensa. Shekararsa goma sha shida cikin kaki."

Loretta ta ce, "Ai doka ta ce ba a tambaya."

"Ban tambaya ba, Madam. Ke kika faɗa."

"To in ban faɗa ba fa? In na rubuta maƙwabci?"

"Sai in ce miki ba a kai maƙwabci Jamus." Ya murza goshi, da ganinsa shi ma abin ya ishe shi. "Gaskiyar ma ba lallai ta kai shi ba, tunda ba dangi ba ne a takarda. Sai dai in yi ta roƙo a sama, wataƙila a ji tausayi. Amma binciken kam tabbas ne. Ɗauki abarki. Ni idona ba ya gani sosai yau, na manta tabarau a gida."

Tabarau ɗin na kan hancinsa. Loretta ta naɗe takardar ta fita. Kaɗan ya rage ta tuɓe wa mutum kaki yana kwance da ɗinki a ciki, kuma da sunan taimako.

A mota ta ba Wendell takardar, ta gaya masa komai ba ta rage ba. Ya karanta rubutunta sau biyu. Wannan ne karo na farko da ya ga an rubuta abin a takardar soja, har ya ɗan shafa wurin da yatsa.

"Kai za ka zaɓa," ta ce. "In ka ce in mayar, zan mayar, in tsaya a kan Kyaftin har sai ya samo maka kujera."

"Russell yana da shekara goma sha tara ya shiga soja," in ji Wendell. "Ya ɗauko 'yan uwansa sojoji bakwai daga cikin wuta a kafaɗarsa, ya san sunan kowane. Kakin nan shi ne ransa. In na je ya buɗe ido ya gan ni, zai yi murna minti biyar, sannan ya gane abin da zuwana ya ci." Ya yaga takardar gida huɗu, ya zuba a aljihun riga. "Zan jira. Na iya jira."

Haushi ya turnuƙe Loretta, ta rasa wanda za ta sauke shi a kansa. Ta zaro waya. A matsayinta na mai riƙe da jerin iyalai, tana da lambar asibitin, kuma babu dokar da ta hana matar Saje Manja gaida sojan mijinta. Aka yi ta haɗa ta daga wannan tebur zuwa wancan, har wata nas ta ce majinyacin ya farka, amma ɗakin mutum huɗu ne, kuma ba ya iya riƙe waya, sai dai ta buɗe sautin ta ajiye masa a kan filo. Minti huɗu kawai.

"Saje Tibbs? Loretta Gaskins ce. Sannu, ɗana, sannu da jiki."

"Yawwa, Madam." Muryar ta dishe, da ƙyar take fita. Ana jin tarin wani soja a gefensa, da ƙarar talabijin.

"Ga mai kula da gidanka nan kusa da ni. Ya ce zai gaishe ka."

Ta miƙa wayar. Wendell ya riƙe ta da hannu biyu.

"Saje," ya ce. "Ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam Sykes." Numfashi ya biyo baya. "Ya gida?"

"Gida lafiya. Na share ganyen da ya toshe indararo. Injin ɗumama ɗaki ya so ya ba da matsala, na gyara."

"Madalla. Na gode da ɗawainiya."

"Ba komai. Ana ta tambayarka a unguwa."

"Ka ce ina gaishe su."

Daga nan maganar ta ƙare musu. Loretta ta juya fuska wajen taga, tana kallon wasu kurata suna gudu a jere. Ta yi zaton layin ne ya yanke. Da ta waiwayo sai ta ga daƙiƙu na tafiya a fuskar wayar. Wendell ya toshe bakinsa da tafin hannu, hawaye na bin yatsunsa, yana sauraron numfashin da ke fitowa daga Jamus, wancan ma yana sauraron nasa. Sauran minti biyu da rabi, kuma babu wanda ya yarda ya ajiye.

Can nas ta ce lokaci ya yi.

"To, Malam Sykes," in ji Russell. "Ka kula min da gidan."

Wendell ya sauke hannu daga bakinsa, ya daidaita murya yadda sojoji ukun da ke ɗakin ba za su ji komai a cikinta ba.

"Ina nan ciki, Saje," ya ce. "Ba inda za ni."